An ce ƙanwata ta karanta littafin abinci kafin ta shiga jami'a

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta samu gurbi a wata jami'a a Amurka, sai suka ce duk sabbin ɗalibai su karanta The Omnivore's Dilemma na Michael Pollan kafin Agusta. Injiniyanci fa za ta karanta, me ya haɗa ta da abinci? Dole ne?

Malamin Lissafi: Wa'alaikumus salam Hajiya. Al'adar jami'o'insu ce da dama. Ba a cika ba da maki a kai ba, amma a makon farko ana raba su rukuni-rukuni su tattauna. Wanda bai karanta ba sai dai ya yi ta kallon bakin mutane. Suna son batun abinci ne don kowa na da abin cewa a kai. A 2011 ma jami'ar Duke da ta North Carolina da ke Chapel Hill littafi guda suka zaɓa tare, Eating Animals, kan yadda ake kiwon dabbobi a manyan gonaki.

Anti Likita: Ki ce mata ta dage da kashi na farko, na masara. Nan ne ƙashin bayan littafin. Ya bi masara daga gona a Iowa har zuwa inda ake ɗura wa shanu ita, sannan ta koma zaƙin lemon kwalba. Sauran ko ta tsallaka wasu shafuka ba laifi, mutumin akwai surutu.

Ɗan Damagaram: Anti kin yi masa adalci ma 😂 Ni na fi son The Jungle na Upton Sinclair, na 1906. Ƙazantar mayankan Shikago da ya fallasa ce ta tunzura jama'a har aka yi dokar duba nama a shekarar. Kada dai ta karanta lokacin cin abinci.

Malamin Lissafi: A bar yarinya ta gama guda tukuna. Kuma kada ta haɗiye duk abin da Pollan ya faɗa. Da jami'ar Wisconsin ta zaɓi wani littafinsa a 2009, manoma sun fito sun ce bai yi musu adalci ba.

Anti Likita: Ta kuma san za a zo kan batun cin nama. Yawancin 'yan ajinsu a leda kawai suka san shi. Ita kuwa ta ga ragon layya tun yana ɗaure har aka yanka aka raba wa maƙwabta. Ta buɗe baki ta faɗa, kada kunya ta hana ta.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. To a ina za mu samu? Muna Kano har yanzu.

Ɗan Damagaram: Yaya, ta fara duba saƙon da suka turo, wasu jami'o'in kyauta suke bayarwa. In babu, akwai na saurare a waya.