Coilover na BMW E46: wanda zan je aiki da shi kuma in shiga filin tsere, wanne zan saya?

ƊanLesta330:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu E46 da waɗanda suka san harkar ƙafar mota ku taimaka min da shawara. Ina zaune a Lesta nan Ingila, motata 330Ci ce ta 2003 mai giyar hannu, ita nake zuwa aiki da ita kullum, ita ce ta cefane, kuma na fara shiga filin tseren Donington Park idan an buɗe wa masu motocin gida tunda ba nisa daga nan. Matsalar shokozobanta na asali ne tun daga kamfani, sun gama aiki, a gangaren Craner Curves na cikin filin sai ka ji motar tana kwanciya gefe tana lilo, raina baya kwanciya sam. To tunda dole in canza na ce bari kawai in sa coilover gaba ɗaya, wato saitin shokozoba da sifirin da ake iya gyara tsayinsa. Na ga BC Racing BR mai kilik 30 (matakan ɗaure ko sassauta shokozoba) da sauƙin kuɗi, na ga Bilstein B14 da B16, na ga KW V3 amma kuɗinsa ya kusa kuɗin motar kanta wlh. Bana son abin da zai sa madam ta ƙi shiga motar, unguwarmu duk tudun rage gudu ne da ramuka. Wanne ne zai ɗauki duka biyun?

BabanInji:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kafin ka zaɓi suna fara cire maganar yawan kilik daga ranka, ita ce ke ruɗar mutane. Kilik 30 ba yana nufin ya fi mai kilik 10 kyau ba, abin dubawa shi ne yadda bawul ɗin da ke cikin shokozoban yake sarrafa mai. Mai kyau yana riƙe motar idan tana kwanciya a hankali cikin kwana ko ka taka birki, amma idan taya ta daki rami ko bakin kwalta farat ɗaya sai ya buɗe ya saki. Mai arha da yawa idan ka ɗaure shi don kwana to ramin ma da taurin zai karɓe shi, ka sassauta kuma motar ta koma lilo, sai ka rasa inda za ka tsaya a tsakiya.

Waɗanda ka lissafo ga bambancinsu a taƙaice. B14 tsayi kawai kake gyarawa, ƙarfin shokozoban an saita daga kamfani. B16 yana da maɓalli ɗaya mai juya matsewa da miƙewa tare. KW ma haka suka jera nasu, V1 tsayi kawai, V2 ka gyara miƙewa, V3 matsewa daban miƙewa daban. V3 abu ne mai kyau amma in baka san me kake juyawa ba hanyoyin ɓata saiti ne suka ƙaru maka. Ni da ni ne, mota ta zuwa aiki da ake shiga fili jefi-jefi, B16 zan ɗauka, ka ɗaure a bakin fili ka sassauta kafin ka kama hanyar gida, shikenan. In aljihu ya yarda akwai Öhlins Road & Track ma, shi kam don irin wannan aikin aka yi shi, sai dai yana son a riƙa buɗewa ana masa sabis.

Sai maganar sifirin, nan E46 take da nata hali. Gaba strut ne, sifirin na kan shokozoban kusa da taya, kusan duk ƙarfinsa na kaiwa ƙasa. Baya kuwa sifirin daban shokozoba daban, kuma sifirin yana zaune can ciki a kan hannu, to wajen rabin ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ne kawai tayar ke ji. Shi yasa za ka ga lambar baya ta fi ta gaba girma, kar ka tsorata ka ce za a sauya maka. Kuma wasu na rubuta kg/mm wasu lb/in wasu N/mm, kg/mm 1 kusan lb/in 56 ne ko N/mm 9.8, ka mayar da su ma'auni ɗaya kafin ka kwatanta.

Sarkin_Kwana:
Oga BabanInji na yarda da rabi ban yarda da rabi ba. BC ɗin nan da ake rainawa motoci nawa ne ke yawo da shi a fili ba abin da ya same su? Kuma yana da abu biyu da yaron nan ke buƙata, na ɗaya tsayi kana gyara shi ne daga ƙasan jikin shokozoban ba tare da ka taɓa matsin sifirin ba, na biyu yana zuwa da faranti na sama da ake gyara kamba, wato yadda taya ke kwantawa ciki ko waje. E46 da kambar kamfani gefen tayar gaba na waje take cinyewa a fili, rana ɗaya ka ga kafaɗar taya ta suɗe tsakiya na nan sabo. Sai ka kai wajen digiri 2 zuwa 2.5 na kwantawa ciki kafin ta daidaita. Wanda ya sayi Bilstein ko V3 sai ya sake cire kuɗi ya sayi farantin daban. Canjin da ya rage gara ya zuba a taya da birki, nan ne lokaci yake fitowa ba a sitika ba.

BabanInji:
Gaskiya ne maganar kamba, na manta ban kawo ba. Amma ka gaya masa sauran, farantin nan mai ƙwallon ƙarfe ba roba a ciki, duk wata tsakuwa sai ya ji ta a sitiyari, in ya fara sakewa kuma ƙwas ƙwas ne har gida. Kuma kan hasumiyar gaba ta E46, inda saman shokozoban ke kama jikin mota, yana kumburowa in ana dukansa ba roba, a sa faranti mai ƙarfafawa. Mutumin da ya ce madam na shiga motar fa muke magana.

Injiniya_KD:
Salam. Ni a Kaduna nake aikin gareji, mu nan ba Donington amma E46 kam mun kwance ta ba adadi, yaran da ke juya mota suna ƙona taya ita suka fi kawowa. Alhaji abin da zan ce maka kar ka ɗaura sabon coilover kan ruɓaɓɓen bushin (robar da ke mahaɗin hannayen ƙafa), kamar sabon rufi ne kan ginin da ya tsage. Mota ta 2003 in ba a taɓa canzawa ba to bushin hannun gaba na baya ya tafi, na hannun baya mai jan taya shi ma haka, shi ke sa gindin mota na rawa in ka taka mai ko ka saki. Mazaunin shokozoban baya na sama shi ma rauni gare shi, ka canza tare. Mafi muhimmanci a ɗaga motar a duba inda sabfirem na baya, wato firem ɗin da ke riƙe ƙafafun baya, ya kama jikin mota, E46 ta yi suna wajen tsagewa a nan, in ka ƙara tauri da taya mai kamu kan tsaga to ƙaruwa za ta yi. Akwai farantan da ake walda a wurin.

Na biyu kar ka zubar da motar ƙasa don hoto. In ka sauke da yawa hannun gaba sai ya karkace bakinsa na wajen taya ya kalli sama, motar ta ƙara son kwanciya maimakon ta rage, kuma shokozoban ba shi da sauran wurin tafiya sai ya riƙa zama kan robar tsayawa. Irin wannan ne mutum zai ce coilover tauri gare shi alhali shi ya cinye masa hanya. Milimita 25 zuwa 30 ya isheka. Kuma in an ce maka a mayar da sifirin baya kan shokozoba ka ƙi, wurin ba a gina shi don ɗaukar nauyin mota ba sai an ƙarfafa.

ƊanLesta330:
Kai Allah ya saka da alheri, Injiniya wannan na sabfirem ya tayar min da hankali, ranar Asabar zan kai a ɗaga. Inaga B16 zan bi in bar saman roba tukunna, in na ga tayar na cinyewa sai in ƙara faranti. Akwai wani abu bayan ɗaurawa?

Sarkin_Kwana:
Alaimen mana, amma ka ɗan yi yawo da ita sifirin ya zauna kafin ka kai, kuma wurin masu motocin fili ba na masu sayar da taya ba, in suna da sikeli su auna nauyin kowace ƙafa kana zaune a ciki. Ka kira inshora ka faɗa musu ka canza ƙafa, a Ingila in baka faɗa ba suna iya ƙin biya, kuma ka sani inshorar titi yawanci bata rufe cikin fili. Man birki ka zuba mai jure zafi irin ATE Typ 200 ko Motul RBF 600 kafin ka koma Donington. Sannan gishirin da suke watsawa a titi lokacin sanyi yana kama zaren gyaran tsayi ya ƙi juyawa, ka shafa masa giris tun ranar farko, KW jikinsu ƙarfe ne mara tsatsa shi yasa wasu ke biyan kuɗin. Ka rubuta tsayin kowace ƙafa daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a takarda, da kilik nawa kake kai, don ranar da ka juya ka rikice.