Muhawara: Rashin kuɗi ke sa ake yi wa gwamnatoci kutse, ko sakaci?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na faɗi magana aka taso mini, to bari in maimaita ta a fili: gwamnatoci ba sa ba tsaron kwamfutocinsu kuɗin da ya kamata, shi ya sa masu kutse ke cin karensu ba babbaka. A 2015 aka gano an shiga rumbun OPM, ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka, aka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, har da hoton yatsun mutum miliyan 5.6. Da 'yan majalisa suka tambayi dalilin da ya sa ba a kulle bayanan da lambar sirri ba, aka ce musu wasu na'urorin sun tsufa, ba za su iya ɗaukar kullewar ba. Tsufan na'ura kuwa kuɗi ne maganinsa.

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Injiniya, ban yarda ba. Wannan Amurkar da ka kawo misali tana kashe sama da dala biliyan 100 duk shekara a kan kwamfutoci da manhajoji. A ƙara mata nawa kuma? Ka duba Ingila. A 2002 suka fara wani katafaren shiri na haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar, a tsari guda. A 2011 gwamnati da bakinta ta ce za ta wargaza shi, kuma kuɗin da ya ci sun kai kusan fam biliyan 10. Na yi shekaru ina sa hannu a takardun biyan 'yan kwangila, na san yadda abin yake. Kuɗi na fita, ana yanka ƙyalle a buɗe sabon tsari, bayan shekara biyu ba wanda ya san inda kalmar sirrin babbar na'ura take.

Injiniya: Baba, kusan kashi 80 cikin 100 na wannan kuɗin na Amurka a kan lallaɓa tsofaffin tsare-tsare yake tafiya. Ba sabon abu ake saya da shi ba, rai ake ja wa na da.

Hajiya Odita: Ku bar ni in shigo. Injiniya, wannan adadin da ka kawo ai Baba ya taimaka wa. In kashi 80 na tafiya a kulawa amma duk da haka ana kutsawa, to a tambayi irin kulawar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne WannaCry, cutar kwamfutar nan mai garkuwa da bayanai ta nemi kuɗin fansa. Ranar 12 ga Mayun 2017 ta faɗa wa asibitocin Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000, wasu wuraren aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya. Alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe ɓarakar da cutar ta bi, kyauta. Mafi yawan kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ne a kansu, wadda a lokacin kamfanin ke ci gaba da kula da ita. Wata biyu gyara yana ajiye ba a ɗora ba. Ni a nan ban ga rashin kuɗi ba.

Injiniya: Hajiya, gyaran kyauta ne, amma mai ɗora shi a kwamfuta dubu, ya gwada ya tabbatar bai lalata na'urar ɗaukar hoton ƙashi ba, albashi ake biyansa. Kuma ƙwararre ba ya zama a albashin gwamnati in kamfani ya ninka masa.

Ɗalibi: Iyayena, a gafarce ni, ina da tambaya. Kuna ta cewa a riƙa ɗora sabon gyara. To a 2020 ai ta cikin gyaran aka shigo. An cusa cuta a sabuntawar manhajar kamfanin SolarWinds, abokan cinikinsu wajen 18,000 suka sauke, har ma'aikatar kuɗi ta Amurka abin ya taɓa. Wanda ya yi abin da aka ce a yi shi ya kamu. Wannan sakaci ne ko rashin kuɗi?

Hajiya Odita: Tambayarka ta yi kyau, ɗana. Akwai harin da duk shirinka sai ya same ka, ban musa ba. Abin da nake dubawa shi ne me ka tanada don ranar. A watan Yunin 2024 an yi garkuwa da wata cibiyar adana bayanai ta gwamnatin Indonesiya, aka nemi dala miliyan 8, aikin shige da fice ya tsaya cak a filayen jirgin sama. Da aka zo dawo da bayanai sai hukumomi suka amsa cewa mafi yawansu ba su da kwafin ajiya. Estoniya kuwa, wadda ta sha harin masu kutse a 2007, har wata ƙasa, Luxembourg, ta kai kwafin muhimman bayananta.

Injiniya: Madalla da kika kawo Indonesiya. Ki tuna abin da aka faɗa wa majalisarsu: ajiye kwafi zaɓi ne ga hukumomi, kuma wasu sun ƙi yi saboda ƙarancin kasafi. Kin ga mun dawo kan kuɗi.

Tsohon Akawu: Mun dawo kan wanda ya rubuta "zaɓi ne", ɗana. An samu kuɗin gina cibiya, aka rasa na kwafi? Gini ana gani, ana ɗaukar hoto, shi ya sa kasafinsa ba ya shan wahala. A ofishin da na yi aiki, ɗan kwangila ya gama ya tafi da makullan tsarin duka. Duk sauyi komai ƙanƙantarsa sai mun sake biyansa, kuma ba laifinsa ba ne, takardar kwangilar da muka sa wa hannu ba ta ce ya miƙa su ba.

Injiniya: To na sassauta kaɗan. A ce kuɗi, amma a ware na ma'aikata da na kulawa tun ranar da aka ba da kwangila, kada a taɓa shi. Sai dai ina nan kan bakana cewa yawansa ma bai isa ba.

Hajiya Odita: Ni kuma ba zan goyi bayan ƙarin ko sisi ba sai hukuma ta zauna gaban masu bincike, ta kashe babbar na'urarta, ta dawo da bayanan daga kwafi muna kallo, mu rubuta awa nawa abin ya ɗauka.