Zan tafi Torino karatu: cocin 'yan gida ko na Italiyawa?

'Yar Kagoro: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na samu gurbin digiri na biyu a Torino, wani birni a ƙasar Italiya, zan tashi a watan Satumba in Ubangiji ya yarda. Ɗaki biyu aka samo mini. Ɗaya tare da 'yan Najeriya, kusa da cocin da ake sujada da Turanci. Ɗayan a gidan wata tsohuwa Ba'italiya, akwai kuma ƙaramar majami'ar masu bishara ta Italiyawa a unguwar, sai dai Italiyancina bai wuce gaisuwa ba. Zumuntar mata kuma sun ce in kawo musu abin da za su riƙa yi wa mutanen Italiya addu'a a kai. Waɗanda suka zauna can, wanne zan kama? Me za mu roƙa musu?

Ɗan Zonkwa: Ƙanwata, ki tafi da rigar sanyi mai kauri da daddawa. Kina sauka ki nemi takardar izinin zama, kwana takwas na aiki kawai suke bayarwa.

Malam na Padova: 'Yar'uwa, ki kama gidan tsohuwar. Yawancin Italiyawa an yi musu baftisma a Katolika tun suna jarirai, amma masu zuwa coci kowane mako ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba. A nan Padova, ranar 13 ga Yuni gari cika yake yi saboda Waliyyi Antoniyo. Na ga mutane a layi suna ɗora hannu kan dutsen kabarinsa, suna barin hotunan 'ya'yansu marasa lafiya, wasu na kuka. Ƙishin Allah na nan. Amma abokin aikina yana da Littafi Mai Tsarki a gida, bai taɓa buɗe shi ba sai da muka karanta Markus tare. Ki ce wa iyayenmu mata su roƙa musu son karanta Maganar da kansu, su tuna da tsofaffin da ke zaune su kaɗai, da matasan da suka daina zuwa coci tun bayan bikin tabbatarwa.

Anti Katolika: Malam, ka yi magana kamar mu ba Kirista ba ne. A yi wa kowa addu'a, amma kada a mai da Italiya kamar ƙasar da ba a taɓa jin sunan Yesu ba. Bulus ya tarar da 'yan'uwa a can tun kafin ya shiga Roma.

Maman Biyu: Ni dai 'yata, ki yi hankali da cocin 'yan gida. A Castel Volturno na zauna, wajen Napoli, inda kowane gareji coci ne. Zakka ban taɓa fashi ba, ni ke share wurin, ni ke dafa shinkafar taro. Da takarduna suka kusa ƙarewa, wani dattijon cocin ya ce zai samo mini takardar aiki, ya karɓi Yuro 1,500 da na tara daga wankin tsofaffi. Takardar bogi ce. Na kai kuka gaban fasto, aka ce in yafe, kada in tona asirin jikin Almasihu. Lokacin mijina yana tsinkar tumatir a Foggia, ya dawo da ciwon baya, ko mutum ɗaya bai leƙo mu ba. 'Yan Caritas, ƙungiyar agaji ta Katolika, su ne suka ciyar da mu, wata tsohuwa mai jan carbinta kullum ita ta biya mana kuɗin wuta. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Ɗan Zonkwa: Sannu Mama, Allah ya saka miki. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Cocin 'yan Gana ne ya ba ni wurin kwana a Brescia.

Maman Biyu: Kai namiji ne ɗana, ba ka san abin da mata ke gani ba.

Mai Ganga: Ni roƙona ɗaya ne, Allah ya buɗe idonsu su san tuwon masara. Taliya da rana, taliya da dare!

Ɗan Zonkwa: Nawa tsohuwar ta ce? Ɗaki a Torino kada ki biya sama da Yuro 300.

Malam na Padova: A wace shekara? Ɗan yayata 480 yake biya, ban da kuɗin ɗumama ɗaki.

Baba Rabaran: 'Yata, kin yi sa'ar gari. Kusa da Torino akwai Torre Pellice, cibiyar Waldensiyawa, waɗanda suka riƙe wa'azin Littafi Mai Tsarki tun ƙarni na 12, suka sha kisa a kan duwatsu, sai ranar 17 ga Fabrairu 1848 aka ba su 'yancin ɗan ƙasa. 'Yan Fentikos kuma gwamnatin Mussolini ta hana su sujada a 1935, ba a janye dokar ba sai 1955. Masu bishara a can 'yan kaɗan ne, amma an gwada su da wuta. Ki shiga cikinsu ki koyi harshen. A yi musu addu'ar haɗin kai da samun ma'aikata.

Mai Ganga: Baba, da girmamawa, a littafi kuka karanta. Waɗanda suka yi hunturu a can su ya kamata ta saurara.

Malam na Padova: Kai ma ai hutun mako biyu ka yi a Roma. Maganar Baba gaskiya ce, na je Torre Pellice da ƙafata.

Maman Biyu: Kuna ta maganar addu'a. Tunda na zo ƙasar nan, cocinmu na gida bai taɓa kirana ya ce yaya bangaskiyarki ba. Sai ginin gidan fasto, sai ambulan ɗin godiyar kaka.

Ɗan Zonkwa: Wannan kam haka ne Mama. Ni har shugaban ƙaddamar da motar coci aka sa ni, ba a ko tambaye ni ba, sai katin na gani a WhatsApp da sunana a sama. Ku ma haka ake muku?