Abin da muka tattara kan tusar jaki a jikin shanu

Jama'a ga taƙaitawar hirar da aka yi, daga 'yan Gadarif har na Mai Wurno a ƙasar Sudan.

1. Kowa ya yarda ƙwayar bairos ce ke kawo ta, ta fi kama maruƙa da 'yan ƙasa da shekara 2, kuma sau da yawa tana faɗuwa da kanta cikin wasu watanni.

2. A ware mai ita daga garke, kar a haɗa igiya, wadda ke da ita a hantsa a tatse ta ƙarshe a wanke hannu.

3. Nan aka rabu. Dattawa sun ce a ɗaure gindin tusar jakin da zare ko gashin wutsiya har ta bushe, wasu suka ce sai dai likitan dabbobi ya yanke ya sa aidin, musamman da damina saboda ƙuda, ni ma gaskiya na fi natsuwa da wannan.

4. Jan jinin saniya a mayar mata a tsoka, da kuma allurar Ivermectin (maganin tsutsar ciki), wasu sun ga amfani wasu ba su gani ba.

Antibayotik ba ya kashe tusar jaki, ba a buƙatarsa sai dai in wurin ya yi mugunya.