Kwana uku a Elmina da yara: daga ina za mu fara?

Baban Uku ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki ya ajiye ni a Akra wata takwas ke nan, kuma idan Allah ya kai mu hutun makaranta uwargida za ta zo da yara. Na samu kwana uku a wurin aiki, ina so in fitar da su daga hayaniyar birni mu tafi Elmina, wani garin bakin teku a nan Ghana. Ni kaina ban taɓa zuwa ba, a bakin abokan aiki nake jin labarinta.

Babbar 'yata shekararta 13, mai bi mata 9, autan kuma 5. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu, kuma tun da na faɗa musu, ba su da zance a waya sai na wanka a ruwa. Abin da ke damuna ke nan, don ni ban iya iyo ba, uwarsu ma haka. Sai kuma maganar ganuwar nan da aka tsare bayi a ciki. Ina so babbar ta gani da idonta, amma zuciyata ba ta kwanta da shigar da ƙaramin ba. Ga kuma gadar igiya ta dajin Kakum da kowa ke cewa kada in kuskura in dawo ban hau ba, alhali uwargida ko bene mai hawa uku ta leƙa ƙasa sai jiri ya kwashe ta.

Wanda ya san wurin ya taimaka min da yadda zan raba kwanakin nan.

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ɗaya ce, sauran za su cike maka abin da na bari: ka ware wa ganuwar rabin yini ita kaɗai, kada ka haɗa ta da wanka ko wani abin nishaɗi a rana guda. Na taɓa kai ɗalibai muka tsara ganuwa da safe, bakin ruwa da rana, sai ga shi mun fito babu mai iya magana. Wasu ko abinci ba su taɓa ba.

Turawan Fotugal ne suka gina ta a 1482, kuma ita ce ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. Zinariya ta kawo su da farko, daga baya cinikin ya koma kan mutane. Turawan Holan suka ƙwace ta a 1637, suka riƙe har 1872 da ta koma hannun Ingila. Ɗan jagora zai shiga da ku ɗakunan ƙasa inda aka cusa maza, da farfajiyar mata wadda barandar gwamna ke kallo daga sama, sannan ya kai ku wata 'yar siririyar ƙofa da ke fuskantar ruwa, wadda babba ba ya wucewa sai ya karkace. Ta nan ake fitar da su zuwa jirgi. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne cocin da ke tsakiyar gidan, taku kaɗan daga ɗakunan nan. Mutane suna ibada, wasu kuma suna mutuwa a bayan bango.

Ka nemi a nuna maka ɗakin da aka ajiye Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, bayan Turawan Ingila sun kama shi a 1896. Daga nan suka wuce da shi Saliyo, sannan tsibiran Seshel, bai sake taka ƙasarsa ba sai 1924. 'Yarka mai shekara 13 za ta riƙe wannan labarin.

Da kun fito, ko da yamma idan rana ta yi sanyi, ku hau tudun da ke tsallaken tafki, inda ƙaramar ganuwar St. Jago take. Daga kan tudun nan ne mutanen Holan suka saita igwa suka ci babbar ganuwar, shi ya sa da suka karɓe ta suka gina tasu a sama don kada a maimaita musu abin da suka yi wa wasu. Hawan ba shi da tsawo, kuma daga can za ka ga garin gaba ɗaya: tafkin Benya cike da jiragen masunta, filayen gishiri a baya, teku a gaba.

Maman Biyu ta amsa:

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni zan ƙara cewa kada ka shigar da ɗan shekara 5 ɗakunan ƙasan. Na shiga da tawa tana da shida, duhun da warin damshin wurin suka firgita ta, kwana biyu tana farkawa cikin dare da kuka. Ba ta fahimci tarihin ba, tsoron kawai ta kwaso. Ku yi karɓa-karɓa: kai ka shiga da manyan biyu, Hajiya ta zauna da autan a sama wajen igwogi, akwai iska kuma zai ga jirage, sannan ku sauya.

Abin da yarana suka fi so a Elmina ko sisi ba mu biya ba. Akwai gada a kan bakin tafkin, dab da ganuwar. Ku je can da sassafe, kafin bakwai, ku tsaya ku kalli masunta suna dawowa. Manyan kwalekwale ne da ake sassaƙa gindinsu daga gungumen itace guda, an shafe su da fenti kala-kala, ga tutoci ga rubuce-rubuce a jiki, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin ƙafafunku. Mata na jira da manyan kwanoni, yara na tsalle cikin ruwa, ana ciniki da ƙarfi da harshen Fante. Ɗana ya ƙirga jirage har ya ɓata lissafi. Amma ka duba kwanakinka da kyau, ranar Talata masunta ba sa fita teku, ranar gyaran raga ce da hutawa. Idan Talata ta faɗo cikin kwanakinku, ita za ku ba Kakum.

Ka ja wa yara kunne kan hoto. Mutanen nan wurin neman abincinsu suke, kuma da yawansu ba sa son a ɗauke su ba a tambaya ba. Gaisuwa tukuna. A ƙofar ganuwa kuma samari za su tare ku suna tambayar sunanku, idan kun fito sai ku tarar an rubuta sunan a jikin ƙwanson teku ana so ku saya. Idan ba ka so, ka ce ka gode ka wuce, ba sa matsawa sosai.

Cikin gari ma a ƙafa ake zaga shi. Za ku riƙa cin karo da wasu gine-ginen siminti masu mutum-mutumi, ana ce musu posuban, na ƙungiyoyin Asafo ne waɗanda a da su ne mayaƙan gari. Akwai wanda aka ɗora wa jirgin ruwa a kai. Akwai kuma tsohuwar maƙabartar mutanen Holan, da ɗan gidan tarihin Java da ke ba da labarin 'yan Afirka da Holan ta ɗiba aikin soja zuwa ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya.

Ɗan Bakin Ruwa ya amsa:

Yaya, ni maganar ruwa kawai zan yi, kuma ina roƙonka ka karanta wa Hajiya ita ma.

Tekun wannan gaɓar ba tafki ba ne, ba kuma kogi ba ne. Igiyar ruwa tana zuwa daga nesa da ƙarfinta, ta fashe dab da yashi, sannan ruwan da ta turo ya nemi hanyar komawa. Wani lokaci sai ya taru a wuri ɗaya ya zama kamar rafi mai gudu zuwa cikin teku. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin nan ya fi ko'ina kama da lafiya: babu farin kumfa, ruwan ya ɗan fi duhu, kamar an buɗe hanya a tsakanin igiyoyi. Uba mai tausayi sai ya ce wa yara ku je can inda ya kwanta. Nan ne ba a zuwa.

Tunda ku biyun ba ku iya iyo ba, ƙa'idar gidanku ta zama ruwa kada ya wuce gwiwar yaro, kuma hannun autan yana cikin naka. Kada kowa ya juya wa teku baya, don igiya ba girmansu ɗaya ba, bayan ƙanana da yawa sai babba ta zo ta share ƙafa. Yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa ma zarewa yake yi idan ruwa na komawa, yaro sai ya ji kamar ana jan sa. Ka koya wa babbar tun yanzu: idan Allah ya ƙaddara ruwa ya ja mutum, ba ya kokawa da shi don ya dawo kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu, wanda ya iya iyo kuma ya yi gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga jan. Kai kuma da ke tudu kada ka faɗa, ka yi ihu ka jefa abin da ke yawo a kan ruwa. Na ga mutumin da ya shiga ceton ƙaninsa, aka fito da ƙanin da rai.

Teku na cika ya janye sau biyu a cikin dare da yini, kimanin awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya ko ya cika, cikar ta fi yawa. Ka tambayi masunta ko masu masaukinku lokacin janyewa, a sannan ne yashi ke faɗi, yara su samu filin gudu da tsintar ƙwanso.

Cikin garin kansa ba wurin wanka ba ne, duwatsun tare ruwa ne da jirage da shara. Ku nufi yamma zuwa Brenu, tafiyar mota ce gajeriya, akwai yashi mai tsabta da inuwar kwakwa. Can ma ka tambayi mutanen wurin kafin kowa ya jiƙa ƙafa. Idan kuma aka yi muku tayin yawon kwalekwale, ku tsaya cikin tafki, kuma babu rigar kariya ga kowane yaro, babu hawa.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na manta Kakum. Tana arewa da Cape Coast, babban garin da ke maƙwabtaka da Elmina, da kimanin kilomita 30, don haka ku tashi da asuba ku isa da buɗewa, kafin motocin 'yan makaranta su cika wurin, don idan mutane suka yi yawa gadar ta fi lilo. Gadoji bakwai ne a jere, an ɗaure su a jikin manyan itatuwa, duka tsawonsu wajen mita 350, kuma a wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya haura mita 30. Katako ne siriri a ƙasa, raga a gefe biyu har kusan ƙirjin babba. An buɗe ta tun 1995. Kafin ku kai gadar akwai hawan tudu da ke sa haki, ku sa takalmi mai rufi, ku riƙe ruwan sha.

Kada ka lallashi Hajiya ta hau don kunya. Idan mutum ya kai tsakiya babu juyawa, akwai mutane a bayansa. Za ta iya bin ɗan jagora yawon ƙasa cikin daji, ana nuna itatuwa da amfaninsu, autan ma zai fi jin daɗin wannan. Kuma kada ka yi wa yara alkawarin giwa. Akwai giwayen daji a ciki, amma ba sa fitowa inda mutane suke. Tsuntsaye da malam-buɗe-littafi za su gani, da sa'a kuma biri.

Baban Uku ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri, kun ɗauke min nauyi. Na karanta wa uwargida maganar Ɗan Bakin Ruwa ta waya, ta yi shiru, sannan ta ce in sake karanta wurin da ruwan ya kwanta. Ga yadda na tsara: za mu bar Akra da sassafe saboda cunkoson motoci a garin Kasoa da ke kan hanya, mu sauke kaya, da yamma mu hau St. Jago. Washegari gadar masunta da asuba, ganuwa da hantsi, sauran yinin a masauki. Rana ta uku Kakum, mu ƙare da Brenu idan lokacin janyewar ruwa ya dace.

Malam, tambaya ɗaya ta rage. Babbar ta tambaye ni daga ina aka kawo mutanen da aka tsare a ganuwar, na ce mata zan tambayo.

Malamin Tarihi ya amsa:

Ka ce mata daga wurare da yawa, kuma da dama daga cikinsu daga can arewa aka gangaro da su a ƙafa, tafiyar makonni. Salaga, wadda fataken goro suka sani sarai a ƙasar Gwanja, babbar kasuwar bayi ce a zamaninta. Akwai wani gari, Assin Manso, a kan hanyar Cape Coast zuwa Kumasi, inda ake tsayar da su a wani rafi su yi wankan ƙarshe kafin a ƙarasa da su gaɓa. Rafin na nan, ana kai baƙi. Idan ka samu ƙarin yini ɗaya, ka kai ta can kafin ganuwar, sai ta bi hanyar yadda suka bi ta. Idan bai samu ba, ganuwar Cape Coast ma tana kan hanyarku ta komawa, wadda Obama ya ziyarta da iyalinsa a 2009, amma ni da zan zaɓa maka, ganuwa ɗaya ta ishi yara a tafiya guda.