Wanda ya kalli Go-Toubun no Hanayome har aka ɗaura aure, ya zo mu zanta

Malamin Lesin:
Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya na gama fim ɗin 2022 da ya rufe labarin Go-Toubun no Hanayome, katun ɗin Japan mai zango biyu da fim, wanda wasu suka fi sani da The Quintessential Quintuplets, kuma har yanzu raina bai kwanta ba. Wanda bai kai ƙarshe ba ya dakata nan, don za a tona wacece amarya.

Ga wanda bai san shi ba: Futaro Uesugi ɗan sakandare ne mai kai kamar me, amma bashi ya yi wa gidansu katutu. Sai aka ɗauke shi ya riƙa yi wa 'ya'yan wani likita mai kuɗi lesin, a biya shi ninki biyar na abin da aka saba. Ashe 'yan biyar ne, 'yan ajinsu, kuma duk ba sa ja a karatu: Ichika, Nino, Miku, Yotsuba da Itsuki. Tun a kashi na farko aka nuna ranar aurensa da ɗaya daga cikinsu, aka ƙi faɗin wacece.

Ni ba soyayyar ce ta fara kama ni ba. Na yi shekara biyu ina lesin a wani gida mai dogon get, na san yadda ake zama a falo da jakar littattafai a cinya, yara na sama sun ƙi saukowa, mai aiki na wucewa tana kallonka kamar ka zo maula. Wurin da ya yi musu gwajin farko, aka tara makin su biyar kaf ya ba da 100 cif, na yi dariya har da ƙwalla. Haka wurin da ya je ɗakin cin abincin makaranta ya ce a ba shi farantin gasasshen nama amma a cire naman, don kuɗin ya dawo daidai da na farar shinkafa, ya samu miya a kyauta. Wanda bai taɓa lissafa kuɗin cikinsa haka ba ba zai gane ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da ya koma yi daga baya. Da ya lura kowacce akwai darasi ɗaya da ta fi sauran, Ichika lissafi, Nino Turanci, Miku tarihi da zamantakewa, Yotsuba Japananci, Itsuki kimiyya, sai ya sa su koya wa juna. Na gwada wannan da wasu yara uku 'yan gida ɗaya, kuma ya yi aiki. Amma ƙarshen nan fa? Ku faɗa mini yadda kuka ji.

Hassana Ba Husaina Ba:
Wa alaikumus salam Malam. Ni tagwaye ce, don haka da wani ido daban na kalla. Mu masu kallo an taimaka mana, an ɗan bambanta launin gashinsu, ga Miku da abin jin sauti rataye a wuya, Yotsuba da ribom kamar kunnen zomo, Itsuki da taurari a gashi. Amma a cikin labarin kamarsu ɗaya sak, kuma marubucin, Negi Haruba, ya matse wannan abu har ya fitar da mai. Yau wannan ta fito a siffar waccan, gobe waccan ta ari kayan wannan. Tun ina dariya har na fara tsaki.

Sai dai akwai wuri ɗaya da ya taɓa ni sosai. A zango na biyu, da suka je masaukin kakansu mai ruwan zafi, duk su biyar suka yi shigar Itsuki, kuma tsohon yana gane kowacce ba tare da ya yi dogon kallo ba. Haka innarmu take. Mun taɓa musanya aji a islamiyya na sati guda, babu malamin da ya farga, amma muna shigowa gida da hijabi iri ɗaya, inna ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗen da take ba, ta ce "Hassana, ɗauko mini rariya." Da Futaro ya daure ya gane Miku a cikin shigar Itsuki, ita kuma ta fashe da kuka ta rungume shi, wallahi ni ma sai da na share hawaye. Wanda bai taɓa rayuwa ana kiransa da sunan wani ba ba zai san daɗin a kira ka da naka ba.

Shi ya sa abin da Ichika ta yi ya ƙona mini rai. Ta sa hular gashi ta zama Miku, ta je ta ce masa ai Ichika na son sa, ita kuma tana goyon baya. Ka ɗauki fuskar 'yar'uwarka ka yi mata zagon ƙasa da ita! Husaina ta yi mini haka, sai an tara dangi.

Ɗan Kurmi:
Anti Hassana a sassauta wa Ichika. Ita ce babba, ita ta riƙa biyan kuɗin haya da abin da take samu a wasan kwaikwayo lokacin da suka bar gidan ubansu suka kama ƙaramin ɗaki. Kullum ita ce mai haƙuri. Rana ɗaya ta so wani abu don kanta, sai ta bi ta karkatacciyar hanya, asiri kuma ya tonu a tafiyar da makarantarsu ta yi zuwa birnin Kiyoto. Ni a nan na yarda cewa mutane ake ba mu labari.

Hassana Ba Husaina Ba:
Biyan haya ba ya wanke cin amana, ƙanina.

Uwargida Ran Gida:
Sannunku. Ƙanwata ce ta tura mini shi a waya, ta ce irin wanda ake kira harem ne, wato labarin namiji ɗaya da mata da yawa ke so. Na san kalmar daga Larabci take, sashen matan gida, don haka na zauna da shirin ganin kishi irin wanda na sani. Maigidan ya leƙo ya kalli kashi biyu, ya ce shi bai ga abin wahala ba, yaron ya auri huɗu ya ba wa ɗaya haƙuri. Na ce Alhaji, ko a wajenmu ba a haɗa ya da ƙanwa a ƙarƙashin miji ɗaya, yana nan a aya ta 23 ta Suratun Nisa'i, balle Japan da doka ta ce mace ɗaya. Sai ya yi shiru ya koma kan labarai.

To wannan shi ne ƙarfin labarin a wajena. Dole huɗu su rasa, kuma ba bare ba ne da za a rabu kowa ya kama gabansa, gida ɗaya za su koma, tukunya ɗaya. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar musu wasiyyar su zama tare, komai a kasa biyar. Ga shi an zo kan abin da ba ya kasuwa. Faɗan Nino da Itsuki, har da mari, har kowacce ta bar gida, ya fi mini duk wata kalmar soyayya da aka furta a ciki.

Inda ban yarda ba shi ne yadda aka wanke komai tas a ƙarshe. Ranar biki duk su biyar suka sa kayan amarya wai ango ya nuna tasa, ana ta raha. Haba! A danginmu an yi 'ya'yan wa da ƙani da suka so mutum ɗaya. Shekara bakwai ba sa zama tabarma ɗaya a wajen suna. An ɗan nuna fushin Nino, na yarda, amma an yi saurin share shi kamar ana gudun kada baƙi su gani.

Na Nino Har Abada:
Tunda an ambaci gwanata bari na shigo. Zan fara da laifinta don kada a ce na ɓoye. Yarinyar nan ta zuba wa Futaro maganin barci a ruwa, kuma ba sau ɗaya ba, sau biyu, labarin ya wuce kamar ta taka masa ƙafa ne. Wannan rauni ne babba. Namiji ya yi wa mace haka a wani labari, ai da tuni an tsine masa.

Amma ku duba yadda ta juya. Ta ƙi shi ne don tana ganin baƙo ne da zai raba kan 'yan'uwanta. Ta aske dogon gashinta. Sannan a bayan babur ta ce masa tana son sa, iska ta kwashe maganar bai ji ba. A irin waɗannan finafinai an saba a nan ake binne zance, a ja mu da kashi goma ana kunya. Ita kuwa da ta gane bai ji ba, sai ta tsaya gabansa ta maimaita. Ina kwance a ɗakin kwanan ɗalibai ƙarfe ɗaya na dare na buga ihu, wanda ke gadon sama ya jefo mini takalmi.

Baban Yara Biyu:
Ni gargaɗi na zo yi. Na ga zane ne, na ɗauka irin katun ɗin yara ne, na kunna a talabijin ɗin falo da ƙannen matata zaune. Ba mu yi nisa ba sai ga Nino ta fito daga wanka da tawul, sai ga faɗuwa a kan juna. Rimot ya ɓace mini a lokacin, na tashi na zare waya daga bango. Idan aka kwatanta da sauran irinsa yana da kamun kai, amma akwai wuraren wanka da sumba. A waya ake kallonsa.

Mai Karatun Manga:
Yotsuba ce amaryar, kuma masu cewa daga sama ta faɗo su koma baya. Na karanta littafin zanen duka, kundi 14, babi 122, wanda ya fito a mujallar Weekly Shonen Magazine daga 2017 zuwa 2020. Ranar farko da sauran huɗun suka juya masa baya, wa ta tsaya? Yotsuba. A zangon farko, kansa a cinyarta, ta ce masa tana taimakonsa ne don tana son sa, sannan ta ce wasa take. Ita ce yarinyar da ya haɗu da ita a Kiyoto suna yara, har suka yi alkawarin dagewa da karatu. Kuma dalilin da ya sa ta danne zuciyarta a fili yake: ita ce ta faɗi a tsohuwar makarantarsu, sauran huɗun suka biyo ta suka bar makarantar don kada ta tafi ita kaɗai. Mai ɗauke da wannan bashin ta ina za ta yi takara da su? Shi ya sa duk ƙungiyar wasannin da ta nemi taimakonta ba ta iya cewa a'a.

Laifin masu fim ne da suka yi ta yanke babuka don su cusa komai a kashi 12 na zango na biyu da fim ɗaya. Sai a 2023 kamfanin Shaft ya dawo ya yi wasu daga cikin abin da aka tsallake. Zanen ma bai tsaya hannu ɗaya ba. Tezuka Productions ne suka yi zangon 2019, kuma akwai wuraren da fuska ke karkacewa idan an nuno mutum daga nesa. Da kamfanin Bibury suka karɓa a 2021 abin ya gyaru sosai. Masu murya dai ba a magana, musamman Kana Hanazawa a bakin Ichika.

Malamin Lesin:
Ɗan'uwa, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka lura duk daga ɓangaren Yotsuba suke. Na yarda tana son sa tun fil azal. Tambayata ita ce shi fa, yaushe? Futaro ba irin jaruman nan ba ne marasa gishiri da mata ke bi ba dalili. Yana da baki, yana da girman kai, yana son ƙanwarsa Raiha, muna jin abin da ke ransa a kan kuɗi da jarrabawa da komai. Amma da an zo kan wadda yake so sai a rufe mana ƙofa, don kada kacici-kacicin ya warware da wuri. Marubucin ya ɓoye amarya, garin haka ya ɓoye zuciyar ango. Da daren bikin makaranta ya zo, kowacce ta zauna a ɗaki daban tana jira, ya nufi ɗakin shan magani wajen Yotsuba, ban ji daɗi ba ban ji haushi ba. Ji na yi kamar an karanto mini amsar jarrabawa ba a nuna aikin ba, kuma ni a lesin ba na ba da maki a kan haka.

Na Nino Har Abada:
Malam ka gama magana. Itsuki ma fa? Ita aka fara nunawa, ita ta fi kowa fitowa, ƙarshe aka bar ta da kwanon abinci da burin zama malama kamar mahaifiyarta.

Uwargida Ran Gida:
Ita ce ta fi kowa cin riba, ɗana. Ta samu aiki, ba ta yi kuka a kan namiji ba.

Hassana Ba Husaina Ba:
Tunda ana maganar gane amarya, bari na faɗa muku abin da fim ɗin nan ya sa na aikata. Bayan na gama shi, ranar da wanda zai aure ni ya zo zance, na ba wa Husaina mayafina da turarena na tura ta zaure, ni kuma na laɓe bayan ƙofa. Minti ashirin yana zuba, har da cewa ko cikin mata dubu zai gane muryata. Husaina na ta "uhm, haka ne." Sai da inna ta ƙwala kira daga tsakar gida, "Husaina, bar wa yayarki baƙonta ki zo ki duba tuwo," sannan bawan Allah ya miƙe tsaye yana salati.

Ɗan Kurmi:
Innalillahi. Anti, an fasa ke nan?

Hassana Ba Husaina Ba:
Ina! Bayan sallah za a ɗaura. Na dai ce Husaina ba za ta yi anko da ni ba ranar.