Birnin gobe a hamada: tubali ko gilashi?

'Yar Samaru: Salamu alaikum. Ga zanen babban birnin duniyar hamadar nan da muke ƙagawa. Sati uku na yi a kansa da manhajar zane ta Krita. Ganuwa ce, da soraye masu zankwaye, ga jirgin sama jannati yana sauka a bayan gari.

Ɗan Tudun Wada: Malama, hannunki ya faɗa, babu ja. Amma ai Ƙofar Doka ta ganuwar Zariya ce wannan kika ɗora wa jirgi. Labarin shekara dubu nan gaba, a ce har yanzu tubali? Birnin gobe gilashi da ƙarfe ne, in ba haka ba ba labarin kimiyya ba ne.

'Yar Samaru: Malam, gidan gilashi a rana irin ta hamadar Tenere ai tanda ne. Katangar ƙasa mai kauri shanye zafi take yi da rana, sai dare ta sake shi, lokacin da sanyin hamada ya sauko. Wannan ma kimiyya ce. Kuma a nan Zariya, a 1958, masu zane su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka tashi tsaye a kan cewa a ɗauki dabarar Turawa a zana abin gida da ita.

Ɗan Tudun Wada: Su ba wata duniya suke ƙagawa ba.

Kawu na Kwarbai: Ku dakata. Shekara talatin ina cuɗa ƙasa, kuma 'yata, ni ba tubalin ne ya dame ni ba. Na buɗe zanen na matso da shi, sai ga indararo a kowane soro. Ba kun ce ba a ruwa a duniyar ba? Indararon me zai zubar? Mu a Zariya damina ce ta sa mu shi. Sannan kwaɓin ƙasa ruwa yake sha ba kaɗan ba: a jiƙa, a tattaka da ciyawa, a bari ta kwana, gobe a sake jiƙawa. Azarar da kika jera a rufi kuwa daga giginya ake tsaga ta. Ko bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a, azara ce ƙashinsa. Ina giginyarku?

Ɗan Tudun Wada: To kin ji.

Kawu na Kwarbai: A'a ɗana, ban ba ka gaskiya ba. Gilashin naka wace wuta za ta narka shi, wa zai riƙa share masa ƙura?

'Yar Samaru: Kawu, maganar indararo ka kama ni, yau zan goge su. Amma ƙasa tana nan. Da matafiyin nan Ibn Battuta ya isa Taghaza, garin haƙar gishiri a hamadar Sahara, a 1352, gidajen gishiri ya tarar, rufinsu fatar raƙumi. Mutanen garin, abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu suka yi gini da shi. Zan mayar da unguwar talakawa ta gishiri, ginin ƙasa ya zama na masu rijiya, tunda su ke da ruwan kwaɓi. Ƙarfen matattun jirage ya maye gurbin azara.

Ɗan Tudun Wada: Ƙarfen na yarda da shi. Amma tashar jirgin dai a bar mini ita da gilashi, ni zan gina ta da manhajar Blender.

Kawu na Kwarbai: Ka turo in ga inda ƙofarta ta fuskanta, da ta inda iska ke kaɗowa.